Arewa: a auna takarda kafin a sa almakashi

Kowace shekara, idan azumi ya raba tsaka, ko kuwa kaka ta yi an shiga lokacin bukukuwan aure, kekunan ɗinki ba su kwana a Dogondutsi. Haka abin yake a Matankari, da Tibiri, da Kore Mairuwa, da Gesheme, da sauran garuruwan da ke jere cikin kwarin Dallol Mawri. Uwa ta sayar da wake ko gujiya ta sayo turmin atamfa, ango ya tara abin da ya samo wurin cin rani ya haɗa lefe, kuma dukan kayan nan a gaban tela suke ƙarewa. Shi ne mutum na ƙarshe da zai ga yadin yana ɗaya. Da zarar almakashi ya ratsa shi, babu mai iya mayar da shi yadda ya fito daga masaƙa.

Cikin maɗinkan gundumomin Dogondutsi da Tibiri akwai waɗanda ke yanka da ido da alli kurum, kamar yadda suka koya wurin iyayen gidansu. Akwai kuma waɗanda suka fito daga gidajen koyar da mata, ko daga cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM, inda ake koyar da yanka bisa takarda. Wannan takarda ita ce Faransawa ke kira « patron ». An zana mata sassan riga ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya da hannu da wuya, sai a shimfiɗa ta bisa yadi a bi gefenta da almakashi. Wadda maɗinki ya zana da kansa bisa awon mai riga daban take. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta sayarwa, wadda wani kamfani ya buga a Turai ko Amurka, ta iso Arewa cikin ambulan, ko a tsakiyar mujalla, ko ta wayar salula. Mutane da yawa sun ɗauka cewa abin da inji ya buga ba ya kuskure. Asarar yadi da yawa daga wannan zato ta faro.

Inda takardar ta fito

Tufafin ƙasar Hausa na asali ba su bukaci takarda ba. Masaƙi yana fitar da ƙyalle siriri mai tsawo, maɗinki ya jera shi ya haɗa gefe da gefe har faɗin ya isa. Babbar riga, da taguwa, da wando mai hantsa duk daga sassa miƙaƙƙu ake haɗa su, awonsu kuwa kamu ne da taƙi da gaba. Tufa ce mai yalwa, idan ta wuce da yatsa biyu ko ta gaza da yatsa biyu babu wanda zai lura. Takarda ta zama dole ne sa'ad da aka soma son rigar da ke bin jiki, mai lanƙwasa a hammata, mai tsukewa a ƙugu. A irin wannan ɗinki santimetir biyu kan raba rigar da ake fita da ita biki da wadda za a jefa ƙasan akwati.

Wani tela na jihar Masacusets ta Amurka, Ebenezer Butterick, shi ne ya soma sayar da takardun yanka masu lamba-lamba a shekarar 1863. Ya fara da tufafin maza da na yara, ya shiga na mata a 1866. James McCall ya biyo baya a 1870, kamfanin Simplicity kuma ya buɗe a 1927. Takardun farko ba su da rubutu ko kaɗan, ƴan huje-huje ne kurum ke nuna inda za a naɗe da inda za a haɗa, sai a farkon shekarun 1920 kamfanin McCall ya fara buga layi da bayani bisa takardar kanta. A Faransa mujallar Modes et Travaux ta fara fita a 1919. A Jamus wata mata mai suna Aenne Burda ta kafa mujallar Burda Moden a garin Ofenburg a 1950, daga 1952 kuma ta riƙa saka babbar takarda a tsakiyar mujallar, wadda aka jibga ma sassan riguna da yawa, layi bisa layi, kowace riga da launinta da irin ɗigonta.

Irin waɗannan mujallu ne suka shigo Nijar ta hannun malaman ɗinki da matan ma'aikata, suka zauna a gidajen koyar da mata tun zamanin Ƙungiyar Matan Nijar da aka kafa a 1975. Daga nan aka riƙa kwafar sassan bisa takardar buhun siminti, ɗaliba ta kwafa daga malama, ƙanwa ta kwafa daga ɗaliba. Yau kuma hanya ta ƙaru. Ana saukar da takardar daga intanet, a tura ta WhatsApp, a kai wurin mai fotokofi ya fitar da ita shafi-shafi, a manne shafukan da gam.

Kuskure iri uku

Idan riga ta fito ba daidai ba, maɗinki kan ce takarda ce ta yi ƙarya, mai riga kuma ta ce hannun maɗinki ne. Kafin a raba wannan gardama ya kamata a san cewa kuskuren takarda iri uku ne, kowane da maganinsa.

Na farko shi ne na kamfanin da ya buga ta. Mai zane yakan zana riga a lamba ɗaya ta tsakiya, sa'an nan a faɗaɗa ta zuwa manyan lambobi, a rage ta zuwa ƙanana. Wurin faɗaɗawar nan ake samun tuntuɓe: gefen gaba ya fi gefen baya tsawo, abin wuya ya gaza zagaye wuyan, alamar haɗi ta faɗa inda ba wurinta ba, ko a rubuta a yanka ɗaya inda ake bukatar biyu. Manyan kamfanoni da ƙanana duk suna yin irin wannan, shi ya sa suke buga gyara a fitowa ta gaba ko a shafinsu na intanet. Amma mujallar da ta iso kasuwar Arewa bayan shekaru, wani lokaci ma cikin dilar gwanjo, ita kaɗai take zuwa, gyaran bai biyo ta ba.

Na biyu shi ne wanda ke shiga a hanya. Kamfani ya buga daidai, amma wurin kwafa, ko wurin fotokofi, ko wurin fassara awo, abin ya karkace. Wannan shi ya fi yawa, shi ne kuma ya fi saurin ganowa ga wanda ya san inda zai duba.

Na uku ba kuskuren bugu ba ne ko kaɗan. Takarda daidai take, kwafi daidai yake, amma an zana ta ne domin wani jiki daban da na wadda za ta sa rigar, da wani yadi daban da wanda ke bisa teburi.

Awo biyu a kasuwa ɗaya

Arewa ƙasar iyaka ce. Dogondutsi tana bisa babbar hanya ta ɗaya, kilometir kusan 270 gabas da Yamai, amma daga ƙauyukan Tibiri da Gesheme jihar Kebbi ta Najeriya ta fi kusa ƙwarai. Ƴan uwa na can, kasuwanni na can, samari da yawa a Kangiwa ko Argungu ko Birnin Kebbi suka koyo ɗinki. Najeriya ta koma awon metir a hukumance tun cikin shekarun 1970, amma telolinta har yau da inci da yadi suke aiki. Telan da ya koya a Doso ko Yamai kuwa santimetir ya sani. Saboda haka a rumfa ɗaya ana iya samun maigida mai lissafi da santimetir da ɗan koyo mai lissafi da inci.

Inci ɗaya santimetir 2,54 ne, yadi ɗaya kuma santimetir 91,44, wato bai kai metir ba. Ƙirjin da aka rubuta 36 a takardar Amurka ya haura santimetir 91 da kaɗan. Wanda ya ga an ce a sayo metir 3 ya sayo yadi 3, ya dawo gida da giɓin santimetir 25 da ɗoriya, kuma sau da yawa wannan giɓi shi ne hannun riga guda.

Igiyar awon kanta, wadda ake kira metir a wannan gefe, tef a wancan gefe, abin bincike ce. Akwai waɗanda ake kawowa daga ƙasar Sin masu santimetir a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar kuma wasu lambobi masu kama da inci, alhali awon Sinawa ne, kowane ɗaya santimetir 3,33. Wanda ya auna ƙugu da wannan fuska ya yanka da inci na gaskiya zai fitar da rigar yarinya a madadin ta babbar mace. Tsohuwar igiya kuma takan miƙe saboda ja da zafi. Gwajinta ba shi da wuya: a shimfiɗa ta kusa da ma'aunin katako na ƴan lakkwal, idan santimetir 30 ɗinta ya wuce na katakon, ta gama aiki.

Lambobin riga su ma ba su da baki ɗaya. A jadawalin Burda lamba 38 ta mai ƙirjin santimetir 88 ce, 40 ta mai 92, 42 ta mai 96, wato tsakanin lamba da lamba santimetir 4. Abin da Jamusawa ke kira 38 shi Faransawa ke kira 40. Amurkawa kuma nasu lissafin daban ne, har lambar takardarsu ba ta dacewa da lambar rigar kantinsu. Don haka lambar da mace ta saba gani a wuyan rigar gwanjo ba hujja ba ce. Hujja ita ce awon da aka ɗauka a jikinta ranar nan, a kwatanta shi da jadawalin da ke tare da takardar.

Injin fotokofi da rarar ɗinki

Takardar rubutu da ake amfani da ita a Nijar, wadda ake kira A4, faɗinta milimetir 210 ne, tsawonta 297. Ta Amurka faɗinta 216, tsawonta 279. Idan aka kawo zanen da aka tsara domin takardar Amurka, aka bar inji ya daidaita shi da A4 da kansa, zai rage shi zuwa wajen kashi 97 cikin 100. Ido ba ya ganin wannan ragi a shafi ɗaya. Amma rigar da ya kamata ta zagaye santimetir 100 za ta fito 97, kusan lamba guda ta tafi ke nan. Saboda haka masu zane ke saka wani ɗan akwati a shafin farko, mai santimetir 10 ko inci 4 a kowane gefe. Ana fitar da wannan shafi shi kaɗai tukuna, a auna akwatin, idan ya cika sai a fitar da sauran. A gaya ma mai injin ya bar girman a 100 cikin 100. Hoton takarda da aka ɗauka da salula kuwa ba shi da awo sam, misali ne kurum na siffar riga.

Babban ramin da ƴan koyo suka fi faɗawa shi ne rarar ɗinki, wato ɗan abin da ake bari a gefen yadi domin allura ta samu wurin bi. Takardun ambulan na Amurka sun haɗa da wannan rara, galibi santimetir 1,5. Takardun tsakiyar mujallar Burda ba su haɗa da ita ba, maɗinki ne zai ƙara da allinsa. Babu ɗaya da ta yi kuskure, al'ada ce ta bambanta, kuma kowace ta faɗi nata cikin bayaninta. Sai dai bayanin cikin Jamusanci ko Ingilishi ko Faransanci yake, ko kuwa shafinsa ya yage tun da daɗewa, ko an kwafi sassan bisa takardar siminti ba a kwafi gargaɗin ba.

A yi lissafin abin da wannan ke jawowa. Riga mai ɗinki biyu a gefe, kowane ɗinki yana cin santimetir 1,5 daga gaba da 1,5 daga baya, ke nan 3, biyun kuma 6. Idan akwai zif a baya an ƙara 3, ya zama 9. Rigar da aka yanka babu rara ta ragu da fiye da lamba biyu, kuma babu inda za a samo abin da ya tafi. Wanda ya yi akasin haka, ya ƙara rara bisa takardar da ta riga ta haɗa da ita, rigarsa za ta yi yawa, amma shi yana da mafita, domin rage yadi na yiwuwa. Idan ana shakka, a yanka da yalwa. Kuma duk wanda ya kwafi takarda ya rubuta a jikin kowane sashe, da harshen da yaran rumfarsa ke ji, ko da rara ko babu.

Zanen aro

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Jadawalin awon da ke bayan ambulan awon aro ne. A shekarun 1939 da 1940 ma'aikatar noma ta Amurka ta sa an auna mata kusan 15.000, a ƙarƙashin Ruth O'Brien da William Shelton, rahoton ya fito a 1941, kuma awon fararen mata kaɗai aka yi lissafi da shi. Bisa wannan aiki aka gina ma'aunin tufafin matan Amurka na 1958. Burda kuma tana zana rigunanta na yau da kullum domin mace mai tsawon santimetir 168, tana da wasu lambobi daban domin mai 160 da mai 176. Babu wanda ya zo Dumega ko Dan Kasari da igiyar awo kafin a tsara waɗannan jadawalai.

Sakamakon haka sananne ne ga duk mai ɗinkin mata: ƙirji ya dace da lamba 40 amma ƙugu da mazaunai na neman 44, ko layin ƙugu ya hau sama, ko bayan riga ya ɗage, ko hammata ta matse. Maganinsa a takarda ake yi tun kafin a taɓa yadi. A zaɓi lamba bisa kafaɗa da ƙirji, domin nan ya fi wuyar gyara, sa'an nan a ja layi a hankali daga lambar ƙirji zuwa lambar ƙugu. Idan tsawo ne ya gaza, a tsaga takardar a kwance tsakanin hammata da ƙugu, a buɗa ta gwargwadon bukata, a manna wata a ƙarƙashi. Ƙari a ƙasan riga kurum ba ya sauko da layin ƙugu. A tuna kuma cewa sashen takarda rabin gaba ne ko rabin baya, saboda haka santimetir 1 da aka ƙara a gefen kowane ya zama 4 a jikin riga.

Akwai kuma sararin sakewa, wato abin da rigar ta fi jiki da shi domin a yi numfashi, a ɗaga hannu, a sunkuya. Mai zanen Turai ya bar shi gwargwadon ƙasar sanyi da zaman kujera. Macen da za ta yi daka, ta goya yaro, ta durƙusa gaida surukai, ta yi salla cikin zafin watan Afrilu, tana bukatar fiye da haka a hammata da baya. Wannan takarda ba ta san shi ba, maɗinki ne ya sani.

Yadin ma na aro ne. Mujallun Turai na lissafin yawan yadi bisa faɗin santimetir 140 ko 150. Atamfa kuwa faɗinta tsakanin 115 da 120 yake, turminta mai yadi 6, wato zane uku, bai cika metir 5 da rabi ba. Tsarin shimfiɗa sassa da aka zana a mujalla ba zai zauna bisa wannan faɗi ba. Bayan haka, kibiyar da ke jikin takarda na cewa a bi tsawon yadi, alhali an zana furannin atamfa da yawa ne domin a ɗaura zane, gefen saƙa ɗaya a ƙugu, ɗaya a idon sawu. Wanda ya bi kibiya ido rufe zai ga tsuntsayen atamfarsa sun kwanta a gefe. Sai a shimfiɗa dukan sassan bisa turmin, a ga sun shiga, a ga zanen ya tsaya da ƙafafunsa, a ware na ɗaurawa da na kallabi, kafin a yanka ko ɗaya.

Abin da ba kuskure ba ne

Wanda ya fara gano kurakuran takarda yakan wuce gona da iri, ya riƙa gyara abin da ba ya bukatar gyara. Kan hannun riga, inda yake shiga hammata, da gangan ake sa shi ya fi ramin hammatar tsawo da santimetir 2 zuwa 4, domin a tattara shi a hankali ya zauna bisa tudun kafaɗa. Kafaɗar baya ita ma takan fi ta gaba da rabin santimetir ko ɗaya. Wanda ya datse waɗannan ya daidaita su zai fitar da rigar da ke jan hannu. A takardun Amurka alama ɗaya a gefe na nufin gaba, biyu na nufin baya. Burda kuma takan sa ƙananan lambobi a kusurwoyi, 1 ta haɗu da 1, 2 ta haɗu da 2. Matambayi ba ya ɓata: ɗan koyon da bai gane wata alama ba ya kai ta wurin maigidansa ko malamarsa kafin ya yanke hukunci.

Binciken da ake yi kafin yanka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Binciken sabuwar takarda ba ya wuce sa'a ɗaya ko biyu, amma lokacinsa shi ne kafin cunkoson Salla. Da farko a goge takardar da dutsen guga mai ɗumi, domin lanƙwasa na cinye awo. A ƙirga sassan a ga sun cika yadda bayani ya faɗa. A nemo maganar rarar ɗinki, idan ba a samu ba a auna faɗin ƙirji a takarda a kwatanta da jadawali, lissafi zai nuna.

Sa'an nan a ɗora kowane sashe bisa abokin haɗinsa, gefen gaba bisa gefen baya, kafaɗa bisa kafaɗa, abin wuya bisa wuya, a bi su bisa layin da allura za ta bi. Inda layin ya lanƙwasa, a tsayar da igiyar awo bisa gefenta a bi lanƙwasar, domin idan aka kwantar da ita za ta ba da awon ƙarya. Duk inda aka ga bambancin da ba shi da dalili a yi masa alama, a gyara shi da fensir a kwafi, a bar takardar asali yadda take.

Bayan haka sai gwaji, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. A yanka saman rigar kurum a akoko, ko tsohon zane, ko zanen gado da ya gaji, a haɗa shi da ɗinkin hannu mai faɗin taku, a kira mai riga ta sa. Ta ɗaga hannu, ta zauna, ta sunkuya. Inda yadi ya ja, wurin ya gaza. Inda ya taru, wurin ya yi yawa. Abin da aka gani a mayar da shi bisa takarda. Kuɗin akoko kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin shadda ko leshi. Wannan gwaji ya fi zama wajibi idan anko ne, domin takarda ɗaya mai kuskure da aka yanka ma ƙawayen amarya ashirin ta ɓata turmi ashirin a dare ɗaya.

A ƙarshe a rubuta gyaran a jikin takardar da kwanan wata, a sanar da sauran waɗanda suka kwafe ta. Cibiyar koyon sana'a da ta aje littafi guda domin irin waɗannan gyare-gyare ta hutar da ɗaliban baɗi daga asarar da na bana suka yi. Wanda ya sayi takarda ta intanet kuma ya duba shafin mai ita ko an fitar da gyara, ya kuma aika masa da abin da ya gano, domin masu zane da yawa na karɓar irin wannan saƙo su gyara.

Idan an riga an yanka

Wani lokaci sai bayan yanka ake farga. A nan dabarar iyaye ta fi ta mujalla amfani. Maɗinkan taguwa sun daɗe da sanin saka ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a hammata domin hannu ya sake, kuma wannan na ceton rigar zamani da ta matse. Idan faɗi ne ya gaza, a buɗe gefe biyu a saka tsiri daga ragowar yadin, ko daga wani yadi mai launi ɗaya da ya dace, a maimaita shi a bakin hannu ko a wuya domin ya zama ado. Idan tsawo ne, a ƙara faffaɗan baki a ƙasa. Wuyan da ya yi faɗi ana cike shi da shafi ko da aikin zare. Saboda irin wannan rana ne ba a zubar da ƙyallayen da suka rage sai mai riga ta gwada ta amsa.

Amma duk wannan bayan an faɗa mata gaskiya ne. Maɗinkiyar da ta tari mai kaya tun a ƙofa, ta ce mata Inna ko Yaya, ga abin da ya faru, ga kuma yadda za a gyara in kin yarda, ta fi wadda ta ɓoye ta bari sai safiyar biki a gane. Yadi amana ne. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani bisa lamunin masu sana'a, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Arewa, ta kawo hukuncin: mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa shi ke da alhakinsu. Kamfanin da ya buga takarda yana Turai, babu mai kai ƙararsa gaban mai unguwa ko sarki. Wanda za a kira shi ne wanda ya riƙe almakashi. A gari irin Kiyeshe ko Matankari, inda kowa ya san kowa, labarin turmin da aka ɓata na riga mai shi isa rijiya, kuma sunan da ya zube a Salla ɗaya yakan ɗauki shekaru kafin ya tashi.

Wannan bai sa a yar da takarda ba. Ta kawo ma matasan Arewa ilimin lanƙwasar hammata da zaman wuya, wanda ido kaɗai kan ɗauki shekaru kafin ya kama, kuma da ita yarinyar da ta fito daga cibiya ke iya karɓar ɗinkin tufafin ƴan lakkwal hamsin su fito iri ɗaya. Abin da ake nema ga malaman ɗinki na Dogondutsi da Tibiri shi ne su koyar da binciken takarda tare da yanka bisa takarda, ranar da aka fara wannan a fara wancan. Masu kai ɗinki kuma su kai da wuri, su yarda a auna su, su dawo gwaji idan an kira su. Maɗinki kuwa ya auna igiyarsa, ya auna takardarsa, ya auna mai riga, sa'an nan ya yi bisimilla ya ɗauki almakashi.